Rabin Juyi

Tun da Baba ya rasu Pijon ta daina jin magana.
Ka ce mata biyu, ta ba ka huɗu.
Ka nemi baya a bakin kasuwa, ta hau cizon haƙora
har ƴan kabu-kabu su taru suna dariya.

Barmo na garejin unguwar Zariya ya saurare ta sau ɗaya,
ya ce akwatin bitas lafiya lau, kada wanda ya buɗe shi.
Tsakanin hannu da akwati, in ji shi, akwai sanduna biyu,
a nan saƙo ke ɓacewa.
Ya ara mini kile sha uku da kwalin shimfiɗa,
ya ce amma aikin na mutum biyu ne,
ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa.

Wata bakwai ni da Mati ba mu haɗa ido ba
sai a kan takardar gado:
gonar Tibiri, da wannan tsohon ƙarfe
da na hana a sayar, shi kuma ya ƙi bar mini.

Ya zo bayan la'asar. Bai gaishe ni ba, ya gaida Inna.
Ya zauna a kujerar Baba, na ji motar ta nisa.
Ni na shige ƙasa da bayana.

Can ƙasa duhu ne mai warin tsohon mai.
Ɓawon gyaɗa ya maƙale a kowane lungu
tun lodin Cadawa na shekarun baya.
Na bi sandar da yatsa har gaɓarta,
tana rawa kamar haƙorin tsohuwa.
Robar da ke riƙe ta ta cinye,
na zaro ragowar da farce, na kai ta haske.
Shuɗiya ce. Da zanen tafin takalmi a jikinta.

Na ce, Mati,
silifar nan taka da ta ɓata a ƙofar zaure shekara uku,
wadda ka zagi yaran unguwa a kanta,
ga ɓarawon na kama.
Na miƙa ta gefen taya.

Shiru.
Sai ƙarfen da ke bisa fuskata ya fara girgiza,
tsatsa na zubo mini a ido.
Dariya yake, ko wani abu mai kama da ita.

Na yanka sabuwa daga guntun tiyo, na shafa giris.
Na ce ya tsayar da sandar a tsakiya, inda ba ta kowa ba ce.
Na sassauta noti, na juya rabi.
Gwada ɗaya.
Ta shiga.
Biyu.
Ta yi tauri.
Na ƙara rabi, biyu ta samu, baya ta ɓace.
Na rage, baya ta dawo, biyu ta tafi.
Haka muka yi ta yi, muryarsa na saukowa ta ramin daɓe,
tawa na hawa,
har aka kira magariba a masallacin Bagalam.
Ba rabi take so ba ashe. Rabin rabi.
Na ɗaure notin, na riƙe sandar kada ta bi shi.

Shi ya tuƙa. Muka ɗauki hanyar Madarunfa
da fitila ɗaya mai gani.
Yatsa biyu kawai ya sa, yadda Baba ke yi,
sandar na bin sa gefen sitiyari ba musu.
Wajen gada ya juya, baya ta shiga babu ƙara.

Ba mu yi zancen gona ba.
Da ya sauke ni, guntun shuɗiyar robar na aljihun rigarsa.
Ya ce uku tana ɗan gardama in an taso daga biyu.
Ya ce kada in mayar wa Barmo kilensa tukuna.